Uban da Ɗansa Ya Girme Shi

An ce wai a wani zamani da ba mu kai ba tukuna, Allah ya sa kada mu kai, an yi wani birni da rana ta gasa har mutane suka daina fita sai ta ƙarƙashin rumfunan ƙarfe. A birnin akwai Gidan Ƙanƙara, inda likitoci ke daskarar da wanda ciwonsa ya gagara, su ajiye shi sai ranar da aka gano magani. Wutar unguwanni ake yankewa a ba gidan: masu rai na gumi, waɗanda ba su motsi na shan sanyi. Doka kuwa ta ce babban gida, wato wanda ya fi kowa girma a iyali, shi ke sa hannu a daskarar da majinyaci, ya so ko bai so ba.

Cikin dubban da aka ajiye, mutum ɗaya tak aka taɓa tayarwa, wani tela mai suna Jatau. An sa shi yana da shekara talatin da huɗu, aka fito da shi bayan shekara sittin, ko furfura ɗaya babu. Da ya buɗe ido sai ya ga wani tsoho ya jingine sanda ya durƙusa, yana cewa, "Baba, sannu da tashi." Jatau ya waiga ya ga da wa ake. Ashe da shi ake. Tsohon Sha'aibu ne, ɗansa na fari da ya bari yana ɗan shekara tara, wanda tun daga nan bai fasa zuwa duba shi kowace Juma'a ba.

Tun ranar kan Jatau bai koma daidai ba. Matarsa ta daɗe a ƙasa, abokansa duk sun bi ta, unguwarsu an rushe. In ya ga Sha'aibu sai gwiwarsa ta nemi durƙusawa, sai kuma ya tuna shi ya haife shi. Abu ɗaya ya riƙe gam, kunyar ɗan fari: bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan". Mutane su dubi yaron, gemu fari fat, su ƙunshe dariya.

Ba a shekara ba ciwo ya kwantar da Sha'aibu. Ya ce shi ya gaji, in mutuwa ta zo a kai shi kusa da mahaifiyarsa. Babban likita kuwa ya miƙo wa Jatau takarda ya ce, "Kai ne uba, kai ne babban gida. Sa hannu mu ajiye maka shi." Jatau ya karɓi alƙalami, yana shirin sa hannu. Tsoro ne ya kama shi, don duk duniya ba wanda ya san shi sai tsohon nan.

Sha'aibu ya sa aka ɗauke shi a kan gado zuwa gaban Alƙali Nadabo. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ƙarar mahaifina na kawo ba, Allah ya tsare ni. Tambaya na zo yi: a bar ni in mutu, ko sai an ba ni izini?"

Alƙali ya dubi Jatau. Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ban san komai ba kuma. Na kwanta ina goya yaron nan, na tashi yana kama hannuna yana nuna mini hanya. In ya tafi, ni wane ne?"

Alƙali ya juya ga likita. "Likita, azumin shekara sittin ya wuce bawan Allah nan. Zai rama?"

Likita ya gyara tsayuwa, don an taɓo inda yake alfahari. "Ranka ya daɗe, ba abin da zai rama. A wurinmu ko kwana ɗaya ba ya hawa kan mutum. Yadda ya shiga haka ya fito, shekarun nan ba nasa ba ne."

"Ka tabbata?"

"Ga jikinsa nan shaida."

Alƙali ya ce, "Jatau, azumi nawa ka yi a duniya?" Ya ce ashirin. "Kai fa, Malam Sha'aibu?" Ya ce hamsin da biyar, ban da na bana da ciwo ya hana shi.

Alƙali ya ce, "To, likita ya yanke hukunci da bakinsa. Doka ba ta ce uba ba, babban gida ta ce. Jatau uba ne har gobe, haƙƙin gaisuwa da biyayya nasa ne. Amma girma na wanda rana ta duka ne, wanda ya binne uwa, ya riƙe gida shekara sittin. In kun ce shekarun na Jatau ne, to kun yi wa birni ƙarya. In ba nasa ba ne, a miƙa wa Malam Sha'aibu takardarsa."

Likita ya miƙa takardar. Sha'aibu ya karɓi takardar, amma bai yaga ta ba. Ya ɗora ta a tafin mahaifinsa ya ce, "Baba, ka yafe mini in tafi. Wanda ka tarar da ka tashi, ni ne. Ni wa zan tarar?"

Jatau ya daɗe yana duban takardar. Ya tuna ranar da ya farka, ya yi tunanin yadda zai kasance da a ce ba wanda ya durƙusa masa. Sai ya yaga ta da hannunsa.

Bayan kwana tara Sha'aibu ya cika. Jatau ne ya ɗinka likkafanin, shi ya shiga kabarin ya kwantar da shi. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ya sunkuya ya ce, "Sha'aibu, sauka lafiya." Sau ɗayan ke nan da ya taɓa kiran sunan.

Don haka masu hankali su kiyaye: likita na iya tsare jiki daga lokaci, amma ba ya iya ajiye wa mutum mutanensa, kuma wanda ka hana tafiya don tsoron kaɗaicinka, kaɗaicin ka tanadar masa.