Ranar da Sabar Hajiya Uwale Ta Ƙi Tashi

Ga wata nan zan ba ku. Ku saurara har ƙarshe, don ba na maimaita magana.

A wani gari an yi wata mata, Hajiya Uwale, tsohuwar shugabar makarantar firamare. Da ta bar aiki sai ta buɗe wurin rubuta jarrabawa da kwamfuta a bayan tashar mota. Zaure ne babba, kwamfutoci a jere, kowace da kujerarta. Amma waɗannan duk jiran umarni suke yi. Mai aikin tana wani ƙaramin ɗaki a kulle, wata baƙar na'ura mai nauyi da ake kira saba.

Ga yadda take. Jikinta ɗaya ne, amma a cikinta akwai kwamfutoci marasa jiki, kamar gida ɗaya mai ɗakunan haya. Ɗaya tana riƙe da sunayen ɗalibai da hotunansu da zanen yatsunsu. Ɗaya tana raba tambayoyi. Ɗaya tana karɓar amsoshi. Akwai kuma wata manhaja da ke fara tashi idan an kunna na'urar, ita ce ke bin ɗakunan nan tana tayar da na ciki. In ba ta tashi ba, babu mai tashi.

Wata makarantar koyon aikin jinya ta ba Hajiya jarrabawar ɗaukar ɗalibanta. Aka yi rajista da bazara, aka sa ranar rubutawa sai ƙarshen damina.

To, Hajiya tana da wata al'ada. Tun shekarar da tsawa ta ƙone mata talabijin da firji, da zarar hadarin farko ya haɗo sai ta bi gida ta zare duk wani filogi daga bango. Haka ta yi wa sabar. Ranar da aka rufe rajista hadari ya taso, ta shiga ɗakin, na'urar tana tsakiyar aiki, ta zare mata waya. Ta kawo atamfa mai kyau ta lulluɓe ta saboda laima, ta ja ƙofa ta kulle. A ganinta kulawa ta yi. Wanda ya haɗa mata na'urar ya taɓa cewa kada a kashe ta daga bango, amma ya daɗe da komawa wani gari, wayarsa ma ba ta shiga. Haka sabar ta yi damina guda a ƙarƙashin zane. Hajiya ta so ta gwada ta ana gobe jarrabawa, sai ya kasance babu wuta, janareta kuma yana wurin makaniki.

Ranar jarrabawa da safe ɗalibai suka cika gindin darbejiya. Wasu daga ƙauyuka suka taso tun asuba, wasu da goyo a baya. Aka tayar da janareta, aka yaye atamfa, aka kunna saba. Fitilunta suka kama, fankokinta suka juya, allo ya yi haske. Amma manhajar da ke tayar da na ciki ta ƙi tashi. Aka kashe aka kunna, aka sake, shiru.

Jami'in da makarantar ta turo ba mai hayaniya ba ne. Ya ce, "Hajiya, ina nan har a kira azahar. In ba a fara ba zan tattara kayana. Yaran nan sai baɗi, ke kuma ba na jin za a sake kawo miki jarrabawa."

Hajiya ta aika aka kira mata mutum uku, duk 'yan unguwarta, duk babu mai tsayayyen aiki. Akwai Tanimu, mai gyaran kwamfuta da waya a gefen rumfar wani a kasuwa. Akwai Lantana, 'yar kawun Tanimu, wadda ta karanci kwamfuta ta dawo gida tana jira. Akwai Sahabi, wanda ya yi shekaru yana bin masu haɗa na'urorin ofisoshi, mutum mai sanyin jiki. Hajiya ta ɗaga makullin ɗakin ta ce, "'Ya'yana, wanda ya tayar mini da wannan abu, ɗakin nan nasa ne. Shi zai riƙa kula da sabar, aiki na dindindin."

Tanimu ya zaro sukundireba. Sahabi ya riƙe masa hannu, ya ce babu mai taɓa komai sai ya kwafe duk abin da ke cikin na'urar. Ya fito da faifan ajiya daga jakarsa, ya jona, ya ja kujera ya zauna. Kwafin nan ya yi ta tafiya a hankali. Hantsi ya ɗaga, goyo ya fara kuka a waje, Hajiya tana shiga tana fita.

Tanimu ya ce, "Malam Sahabi, jarrabawar baɗi kake shirya wa ne?"

Sahabi ya ce, "Saura kaɗan."

"Tun ɗazu saura kaɗan."

"To, yanzu ya fi ɗazu kaɗan."

Bai tashi daga kujerar ba sai da ya gama, ya buɗe kwafin ya tabbatar ya ɗauku. Sannan ya zare faifansa ya koma gefe ya ce su bismillah.

Tanimu ya kashe na'urar yadda ya kamata, ya kwance murfinta, ya haska ciki da fitilar waya. Ya nuna wani ɗan batir mai kama da kwabo. Ya ce wannan shi ke riƙe wa na'ura tunaninta idan babu wuta, kuma damina guda ta shanye shi. Da ya mutu, na'urar ta manta saitinta, har da izinin da ke ba ta damar ɗaukar wasu kwamfutoci a cikinta. Irin batirin babu a jakarsa, kasuwa kuma da nisa. Sai ya ce, "Hajiya, ina abin da kike gwada sukarinki da shi?" Ta ciro daga jaka. Ya buɗe bayansa, ga batirin iri ɗaya. Ya sa, ya mayar da murfi, ya kunna, ya shiga saitin na'urar na can ƙasa ya mayar da izinin. Aka sake kunnawa. Manhajar ta yunƙura, abin da ba ta yi ba tun safe, sai kuma ta faɗi.

Lantana ta ce, "Matsa, ɗan ƙauye. Kai da ƙusa kawai ka sani."

Ya ce, "Ga wuri nan, 'yar boko. Mu ga abin da kawu ya tura ki koyowa."

Ta zauna. Ba ta danna komai ba da farko, karatu ta yi. Na'ura in ta ƙi aiki takan faɗi dalilinta, sai dai cikin dogon rubutu da yawancin mutane ba sa haƙurin bi. Lantana ta bi shi layi layi har ta tsaya a kan kwanan wata. Ashe da batirin ya mutu agogon na'urar ya koma shekarar da aka ƙera ta, kuma Tanimu ya sa sabon batir bai duba agogo ba. Manhajar tana da wata shaida da take dubawa kafin ta fara aiki, shaidar kuma an ba da ita ne shekaru bayan waccan shekarar. Sai take ganin an kawo mata takarda daga lokacin da bai zo ba, ta ƙi amincewa da ita. Lantana ta duba wayarta, ta gyara rana da wata da shekara. Manhajar ta tashi, ta tsaya daram. Mai raba tambayoyi ta farka. Mai karɓar amsoshi ta farka.

Saura mai sunaye. Ita ta ce a kulle take, wai akwai mai aiki a cikinta. Babu kowa. Ranar da Hajiya ta zare waya ne aka bar alamar kulle ba a cire ba. Lantana ta gane haka, ta nemo alamar ta goge. Amma rana ta yi sama, jami'i yana duba agogo, sai ta haɗa da wani fayil da ke gefe ta goge, ta ɗauka tarkace ne. Mai sunaye ta farka. Aka buɗe ta, babu suna ko ɗaya. Duk rajistar bazara a cikin wancan fayil take.

Hajiya ta dafa bango ta ce, "Innalillahi." Lantana ta ɗora hannu a ka. Tanimu bai tsokane ta ba.

Sahabi ya taso daga gefe da faifansa. Ya ce, "Ba ni wuri, Malama." Ya jona, ya nemo fayil ɗin a cikin kwafin da ya yi da safe, ya mayar da shi inda yake. Ya ce wa Lantana ta sake tayar da mai sunaye. Ta tayar. Sunaye suka jeru a allo da hotunansu. Aka kira ɗaliba ta farko, ta ɗora yatsa, sunanta ya fito. Kafin ladan ya kira azahar kowa ya zauna a kujerarsa, tambayoyi sun buɗe.

Da aka tashi jami'in ya zo yi wa Hajiya sallama. Ya ce makaranta za ta ci gaba da kawo mata jarrabawa, amma da sharaɗi. Suna ɗaya yake so ya tafi da shi, na wanda za a riƙa tambaya in saba ta sake ƙin tashi. Hajiya ta ce ko za a sa su ukun. Ya ce a'a, in mutum uku ke riƙe da ɗaki, ranar da abu ya lalace kowa zai nuna ɗan'uwansa. Hajiya ta san gaskiya ya faɗa. Wurin nata ma ba zai iya ɗaukar fiye da mutum ɗaya ba.

Ta dubi su ukun. Tanimu ya ce shi ya buɗe cikinta ya ga ciwon. Lantana ta ce ita ta ji abin da na'urar ke faɗa. Sahabi ya ce shi dai bai gyara komai ba, ya ci gaba da naɗe wayar faifansa.

Yanzu ku duba da kyau.

Ba don Tanimu ba, da na'urar ba ta samu batir ba, ba ta samu izini ba, kuma da Lantana ta gyara agogo sau goma babu abin da zai tashi. Amma ya bar kwanan wata a karkace, ya ɗauka ya gama.

Ba don Lantana ba, da batirin Tanimu ya tafi a banza, don babu wanda ya kalli agogo a cikinsu, kuma a hannunta manhajar ta tashi, wanda shi ne ainihin abin da Hajiya ta yi alkawari a kansa. Amma da hannunta ta goge sunayen ɗalibai.

Ba don Sahabi ba, da na'urar ta tashi lafiya ƙalau babu wanda zai rubuta komai. Amma bai gano ko ɗaya daga cikin abubuwan da suka hana ta tashi ba. Kuma lokacin da ya ci da safe yana cikin abin da ya sa Lantana gaggawa. Wani zai ce da bai zauna a kujerar nan ba, da ba ta yi kuskuren ba. Wani zai ce mai kuskure zai yi shi ko da an ba shi yini guda.

Jami'i yana tsaye a bakin ƙofa, direbansa ya riga ya tayar da mota. Makulli yana hannun Hajiya.

To, ku da kuka ji, wa za ta miƙa wa?