Ɗari Uku da Sittin Ba Ɗaya

Akwai wani maigida mai babban gandu. Ƙanne da 'ya'ya da jikoki da barori, mutanen gidansa ɗari uku da sittin ne cif. Kowace kaka, in an gama kai hatsi rumbu, sai ya tara su cin tuwon godiya.

Yana son wannan adadi ƙwarai, don ba ya ba mai rabo wahala. In an zauna bibbiyu a akushi, cika ne. In an zauna uku-uku, biyar-biyar, takwas-takwas ko goma-goma, ba a rage kowa a tsaye.

Wata shekara ƙanensa Dogara ya ji zafin wata magana da aka yaɓa masa a masussuka. Ya ɗauki gatarinsa ya haye kogi, bai ko waiwaya ba.

Da kaka ta zagayo, uwargida ta zaunar da mutane goma-goma, sai akushi na ƙarshe ya tashi da mutum tara. Ta mai da su shida-shida, na ƙarshe ya tashi da biyar. Ta gwada huɗu, ta gwada biyu, tuwo har ya huce. Ku masu ƙoƙari a lissafi, ku je gida ku gwada, in kun iya ku zo in ba ku goro. Ɗari uku da hamsin da tara ba ta rabuwa daidai ta kowace hanya.

Ta gaji ta ce, "Maigida, ga wani matafiyi can a gindin tsamiya. A kira shi ya cike gurbin, mu huta."

Ya ce, "A kira shi, ya ci ya ƙoshi. Amma ba lissafi nake kewa ba, Uwargida. Dogara nake kewa."

Ya daɗe yana duban wurin nan da ba kowa, idanunsa suka kawo ruwa. Sa'an nan ya ɗebi rabon ƙanensa a ƙwarya, ya rufe da faifai, ya ɗauki sandarsa ya nufi kogi, bai sa ko loma a baki ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: maigidan nan Ubangiji ne, gandun kuwa ikilisiyarsa. Mu in majami'a ta cika sai mu ce madalla, mutum ɗaya ba ya rage taro. A wurinsa ba haka ba ne. Ko mun kai dubu sau dubu, ya san wanda babu, yana kuma marmarinsa da suna. Baƙi suna zuwa, muna murna da su, amma kowa da mazauninsa.

Yanzu ka dubi bencin da kake zaune a kai. Ka san wanda a da yakan zauna kusa da kai, wataƙila ka san maganar da ta kore shi. Zumunta a ƙafa take. Maigida ya riga ya kama hanyar kogi da ƙwarya a hannu, kai kuwa kana zaune kana cin tuwonka.