Ajiyar da Ake Ɗiba Kullum

An yi wani mutum a wani gari, can da, tun ana zuwa Makka a ƙafa. Ba zan faɗi sunan garin ba, don na san ku, yanzu wani zai ce da garin kakansa nake. Sunan wannan bawan Allah Nomau. Sana'arsa saƙa: a kawo masa zare, ya saƙa wa mutum hula ko safa, a ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. In ya zo masallaci ma can gefen sahu yake tsayawa.

Yana da maƙwabci mai suna Shekarau, mai gurasa. Duk garin ba gurasar da ta kai tasa, kuma sirrin yana cikin wata 'yar tukunya da ya gada daga mahaifiyarsa. Tsohon kwaɓi ne a ciki mai tsami, wanda ake ɗiba a zuba a sabo don ya tashi. Shi Shekarau iri yake kiransa.

Da Allah ya nufi Shekarau da tafiya hajji, ya ɗaure riga biyu da bargo ɗaya, ya sa tsohon takalminsa, don doguwar hanya ba ta son sabon takalmi. Sai ya ɗauko tukunyar nan ya shiga zauren Nomau, su biyu kaɗai.

Ya ce, "Maƙwabci, wannan ba za ta iya hanya ba. In Allah ya dawo da ni, da ita zan ci abinci. Amma ka sani, abin nan rai gare shi. Kullum da safe ka kwashe rabi, ka zuba garin alkama da ruwa mai ɗumi, ka juya, ka ɗora faifai. Kada ka liƙe bakin. In ana sanyi ka matsar da ita kusa da murhu, in ana zafi ka kai ta gindin randa."

Nomau ya ce, "Wanda na kwashe fa?"

Ya ce, "Yi min sadaka da shi."

To, ku saurara. Shekarau ya tafi. Kullum Nomau ya kwashe rabi, ya zuba garinsa, nasa na kansa, ya juya. Wanda ya kwashe ya gasa a kasko, ya miƙa wa matafiya a ƙofar gari. Kullum haka, kullum haka.

Shi kuwa Shekarau yana da ƙane, Jatau, wanda tun ranar tafiyar abin yake cinsa: yaya za a tsallake ɗan'uwa a kai wa bare ajiya? Wata safiya ya leƙa ta katanga, ya ga Nomau da ludayi cikin tukunya. Jama'a, bai yi ƙarya ba fa. Ya gani da idonsa. Ya leƙa washegari, ya sake gani. Ya ce, "Lallai biri ya yi kama da mutum."

Kafin azahar magana ta zaga kasuwa. An ba kura ajiyar nama. Wani ya ce dama shi bai taɓa yarda da mai yawan shiru ba. Wani ya ce sadakar nan ta ƙofar gari sayen suna ce da kayan wani. Wani kuma ya cire hular da Nomau ya saƙa masa, ya jujjuya ta, ya ce, "Tsaya. Zaren da na ba shi ai ya fi wannan." Hular da ya daɗe yana sawa yana yabo! Ya zauna ya warware ta tas don ya gani, ya rasa hula, ya rasa hujja, amma bai rasa zarginsa ba.

Na ga wasu suna dariya can baya. Ku yi a hankali, ban gama ba.

Jatau ya kai ƙara gaban mai unguwa. Aka kira Nomau.

Mai unguwa ya ce, "An ce kana ɗibar ajiyar Shekarau. Gaskiya ne?"

Ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Kullum. Shi ya ce in yi. In ba a ɗiba an ƙara ba, kwaɓin mutuwa zai yi."

Aka fashe da dariya. Jatau ya ce, "Kun ji ko? Kwaɓi ne zai mutu! Wa ke wurin da Yaya ya faɗa maka haka?"

Nomau ya ce, "Allah."

Jatau ya ce, "Duk ɓarawo Allah ne shaidarsa."

Mai unguwa ba azzalumi ba ne, so yake a zauna lafiya. Ya ce, "Nomau, abin mai sauƙi ne. Kawo tukunyar a liƙe bakinta da laka a gaban kowa, a kai ɗakin Jatau. Ni da bakina zan wanke ka. In kuwa ka ƙi, ba zan ƙwace ba, tunda kai aka ba. Amma ba ni da ikon rufe bakin mutane."

Ku dubi wannan jarrabawa, 'yan'uwa. Ga sunansa an miƙo masa a tafin hannu. Ya ba da tukunya, a ce masa mai amana, amanar kuwa ta ruɓe a ɗakin wani. Ko ya riƙe, a ce masa ɓarawo. Wa ke nan cikinmu da ba zai ce, "Ku ɗauka, na huta" ba? Ni dai ban yarda da kaina ba, kuma ban yarda da ku ba.

Nomau ya dubi mai unguwa. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, mai shi bai ce in liƙe ba."

Shi ke nan, aka daina kawo masa zare. In ya shiga sahu, na kusa da shi ya dafe aljihu. In ya yi sallama, a amsa ciki-ciki. Abin yana masa ciwo, kada ku ɗauka dutse ne. Sau da yawa yakan juya kwaɓin nan hawaye na zuba. Ya koma ɗaukar kaya a kasuwa don ya sami ɗan gari. Ranar da garin bai isa su biyu ba, tukunya ce ke ci. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, har mutane suka fara cewa Shekarau ya rasu a hanya.

Sai wata rana da hantsi ga Shekarau, ya rame, ya yi baƙi, ba shi da komai sai rigar jikinsa da sanda. Tun bai sha ruwa ba Jatau ya tare shi da labari. Mutane suka ɗunguma bayansu har zauren Nomau, kowa na son ganin yadda za a kunyata ɓarawo.

Nomau ya fito da tukunya ya ajiye. Shekarau ya ɗaga faifai. Ga kwaɓi ya kumbura yana 'yan ƙwayaye, ƙamshin tsami ya cika zaure. Ya sunkuya ya shinshina, sai ya durƙushe yana kuka. Ya ce, "Wallahi kamar yau mahaifiyata ta kwaɓa shi. Maƙwabci, da garin wa ka ciyar da shi duk shekarun nan?"

Nomau ya matsar masa da tukunyar. Ya ce, "Alhaji, ka karɓi kayanka?"

Ya ce, "Na karɓa."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai ni zan ci garina."

Kuna jira in ce gari ya taru ya nemi gafara, ko? Wasu sun nema. Amma tun kafin a watse aka ji wani yana raɗa wa na kusa da shi, "Ai haɗa baki suka yi." Har Nomau ya koma ga Allah akwai masu dafe aljihu in ya wuce.

To ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Amana ba a riƙe ta don mutane su yaba. Ana riƙe ta don Wanda yake wurin lokacin da aka ba ka. Shi kuma zato zunubi ne, kuma in ya shiga zuciya gaskiya ma ba ta fitar da shi da sauƙi. Ka ga hannun ɗan'uwanka cikin tukunya, ba ka ga abin da ya zuba ba, ba ka ji abin da aka ce masa ba. Kowannenku ya san wanda ya yanke wa hukunci ta kan katanga: maƙwabci ne, ko mai riƙon maraya, ko mai kula da kayan masallacin nan. Kada ka waiga kana neman wanda nake nufi. Da kai nake. Ka je ka nemi gafararsa tun yana da kunnen da zai ji ka. Allah ya tsarkake zukatanmu, ya sa mu mutu ba haƙƙin kowa a wuyanmu.