Wake-wake da Jan Tsako

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata kaza ce, Wake-wake, a gidan wata tsohuwa, Tasalla. Duk garin babu kazar da ta kai ta iya kwanci, kuma iyawar nan ce ta ja mata.

Ta saka ƙwai, ta hau kwanci. Da ta fita shan ruwa sai Tasalla ta kwashe ƙwan, ta zuba na agwagwa. Wake-wake ta dawo ta kwanta abinta. Ta ƙyanƙyashe, ta yi ta tono tana ciyar da su. Ran nan sai suka ga kududdufi, suka faɗa. Ta yi ta kai da kawowa a bakin ruwa tana kira, ko waiwaye babu.

Ta sake sakawa, sai aka sa mata na zabi. Ta rene su da gara. Da fiffike ya yi ƙwari sai suka haye tsamiya, daga nan sai daji.

Na uku aka sa mata na talotalo. Waɗannan kam ba su gudu ba. Girma suka yi suka fi ta, kullum aka watsa tsaba sai su tattake ta su cinye.

Sai baƙin ciki ya ishe ta. Ta rantse ba za ta ƙara buɗe wa ɗan wani fiffike ba. Ta shige can ƙarƙashin rumbu inda hannun Tasalla ba ya kaiwa, ta saka ƙwanta a ɓoye. Gafiya ta sha, ta bar mata ɗaya tak. Shi ta ƙyanƙyashe, ɗan tsako fari sol, mai irin muryarta. Murna kamar ta kashe ta.

Tasalla ta gan su, tausayi ya kama ta. Ta ce, "Allah sarki, wannan dai naki ne, ba mai taɓa miki shi." Ta ɗaga kai, sai ga shirwa tana shawagi. Kun dai san dabarar mutanenmu, rina tsako ake yi don shirwa ta kasa gane shi. Wake-wake na can tana birgima a toka, sai tsohuwa ta ɗauke shi ta tsoma a galura, ya fito ja wur.

Wake-wake ta dawo, ba fari, sai wani jan abu yana rugowa wurinta. Ta ce a ranta an kuma.

Ya ce, "Inna, ni ne."

Ta ce, "Na baya ma haka suka ce." Ta kai masa sara.

Ta bazama neman ɗanta. Ta duba akurki, yana biye da ita, ta sare shi. Ta duba bayan turmi, yana biye, ta sare shi. Ta duba gindin randa tana kira, yana amsawa a bayanta, ta juyo ta sare shi har ya faɗi.

Da yamma hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Ta shige ƙarƙashin rumbu. Ya zo bakin wurin yana rawar sanyi, ya roƙe ta ko gefen fiffike ne. Ta ce wurin na ɗanta ne, ta ƙara matse fukafukanta.

Gari ya waye, ta fito. Ga shi kwance a bakin rumbu, ruwa ya wanke galurar tas. Fari sol. Ta taɓa shi da baki, bai motsa ba. Sai ta buɗe fiffike ta rufe shi, ta kwanta. Tasalla ta watsa tsaba, ta kira, ta kira, Wake-wake ba ta tashi ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. Ku dai bar cutar mai haƙuri, yara. Ran da kuka zo masa da alheri, ba lalle ya gane shi ba. Ku tashi ku rufe akurki.