Sa Mai Tari da Dillalin Kwamfuta

Ya 'yan uwa, ku gyara zama ku ji.

An yi wani mutum a Furfuri ta ƙasar Bungudu, manomi mai rufin asiri, da gonarsa ta gado da shanun huɗa biyu. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ya zamana surukinsa na cikin sahun nan.

Wata shekara sa ɗaya ya kamu da tari. Ya ja shi kasuwar Tsafe, ya sami Malam Shu'aibu, tsohon dillalin shanu. Tsoho ya saurari numfashin san, ya ce, "Ina saida maka, amma sai na hwaɗa ma mai saye aibinai."

Mutumin ya fizge igiyarsa. Sai ga wani dillali mai suna Dogo, bakinsa kamar zuma. Dogo ya kai san ya ɗaure jikin injin niƙa, inda ko jaki ya yi kuka ba mai ji, ya sayar da shi da tsada. Mutuminku ya koma gida baki har kunne, wai yau ya sami dillali. Kun ji inda shaiɗan ya shigo?

Bayan kaka, Dogo ya aiko masa cewa ya bar kara, wato kasuwar shanu, ya buɗe ofis a Tudun Wada cikin Gusau. Mutumin ya je ya tarar da labule da fanka, ga kwamfuta an lulluɓe ta da leshi. Dogo ya dafa ta ya ce, "Da wagga na'ura da waya nika sayen hannun jarin kamfanonin Legas. Kana kwance kuɗinka na haihuwa, babu hwaɗuwa."

Mutumin bai san hannun jari ba, bai san ƙafarsa ba. A tasha ya yi kiciɓis da Malam Shu'aibu, ya ba shi labari don ya ji haushi. Tsoho ya ce, "Ban san kwamfuta ba, amma dillanci guda na. Wa ya ba shi izni? Nawa ce la'adatai? Ka nemi wanda ya taɓa amsar kuɗinai ya hita lahiya, kuma ka soma da kaɗan. Dillalin da bai ambaci hasara ba, guje mashi."

Ina! Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya sayar da ɗaya san, ya jinginar da gonar, ya kai wa Dogo. Aka ba shi lemo mai sanyi da takardar Turanci mai hatimi uku. A watan farko Dogo ya ɗan gutsuro masa daga kuɗinsa ya ce riba ce, shi kuwa ya sayi rediyo yana yawo da ita a kafaɗa.

Kafin damina ya koma, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Da mai gidan hayar ya ɓalle shi, ashe kwamfutar ko wayar wuta ba ta da ita.

Mutumin ya ruga wajen 'yan sanda. Jami'in ya tambaye shi, "Me ya sa ka amince da shi?"

"Ya taɓa yi man aiki nagari."

"Wane aiki?"

Sai ya tuna da san nan mai tari da injin niƙa. Me zai ce? Wallahi ni kaina a nan ya ba ni tausayi.

Da ruwa ya sauka, an gan shi a gonar ubansa da fartanya, yana yi wa wani ƙwadago.

Ya 'yan uwa, ciniki halal ne, na shanu ko na takarda. Amma wanda ya iya cutar wani dominka, ranar da ba wani sai kai, wa kake zaton zai cuta? Ku nemi dillalin da zai faɗa muku abin da ba ku son ji.

Allah ya haɗa mu da masu amana, ya sa mu ma mu zama su. Allah ya kiyaye mu.