Kyamarar Motar Alhaji Maikano

Tabawa ko waya ba ta iya kunnawa, amma fargaba ta kai ta garejin ɗanta Sallau mai wayarin mota. Alhaji Maikano, mai filin garejin, ya ce a sa masa kyamara a gilashin mota.

"In idona ya gan ta, direbana ma zai gani, ka bar filina. In babu ita, ka bar filina."

Sallau ya sa ta inda Tabawa ta ce masa. Alhaji ya zagaya, ya shiga, ya gyara hula a madubi, ya fito. "Ban ga komai ba! Nuna min ita."

Tabawa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni jahila ce, amma in ya nuna ai ka gani. Sallau, nuna masa abin da ita ta gani."

A wayar Sallau, Alhaji ya ga kansa duƙe yana leƙen taya. Ya yi tsaki, ya shige mota.

Sallau ya ce, "Inna, yaya kika san bayan madubi za a sa?"

"Babban mutum in ya dubi madubi, kansa kaɗai yake gani. Kama hannuna, ƙafata ta ƙi tashi."