Takwarar Jaririyar Tungar Maje

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma kada wanda ya ce mini duk ɗaya ne.

A wani gari na bakin kogi akwai aminai uku, duk sun yi ritaya daga aikin gwamnatin tarayya. Injiniya Hasiya ta ƙare ƙuruciyarta a Abuja tana kula da tauraron ɗan'adam, wannan da ke ɗauko hoton ƙasa daga sama. Hajiya Ramatu jami'ar mulki ce, ta yi zama da manya iri-iri. Inna Zulai kuwa unguwarzoma ce ta asibiti, ga iya aiki ga faɗa.

Ritaya ba ta raba Hasiya da leƙen hotunan nan a kwamfuta ba. Wata damina ta hango ruwa ya taru a can saman kogi. Ta auna, ta sake aunawa, ta tabbata Tungar Maje, tsibirin masunta da ke tsallake, nutsewa za ta yi. A can kuwa Ladidi take, mai kawo mata bandar kifi, wadda ta daɗe tana neman haihuwa, ga shi yanzu cikinta ya tsufa. Hasiya ta hau kwalekwale, ta tara mutane a gindin tsamiya kamar a ofis take, ta ce kowa ya tashi. A gaban Sarkin Ruwa fa, mutumin da tun kakanninsa bakinsu kaɗai ke faɗin kogi zai kawo. Ya dubi hoton, ya ce shi bai ga tungarsu a ciki ba, ya kaɗe riga ya shige gida. Ba wanda ya naɗe ko tabarma.

Hasiya ta dawo ranta a ɓace, amma ta rantse ba za ta zauna ba sai mutanen nan sun fito. Ramatu ta wanke ta tas a kan rashin iya magana, sannan da safe ta ƙetara ita kaɗai da goro a jaka. Ta durƙusa a zauren Sarkin Ruwa, ta wuni ba ta ambaci hoto ba. Tambayarsa take yi yadda mahaifinsa ke gane babban ruwa, tana cusa abin da Hasiya ta gani kamar mai neman sani. Da la'asar ya je bakin gaɓa ya daɗe a tsaye, ya dawo ya sa aka yi shela cewa Sarkin Ruwa ya ga alama, kowa ya kwashe.

Washegari ana cikin kwasa ruwan ya iso. Zulai, duk da ciwon gwiwarta, ta ƙi jira a gaɓa, ta bi jirgin ƙarshe don ta ji Ladidi shi za ta shigo. A tsakiyar kogi naƙuda ta taso, igiyar ruwa na ta wurgi da su. Zulai ta sa mata suka yi kariya da zannuwa, ta karɓi 'ya mace, cibiya naɗe a wuya, ba numfashi. Mata suka fara salati. Ta daka musu tsawa, ta warware cibiyar, ta share bakin jaririyar, ta yi ta hura mata iska har ta tsala kuka. Kafin magariba ruwa ya shafe tungar.

Ana gobe suna, Barau mijin Ladidi ya same su a gidan Hasiya, ya tsuguna.

"Iyayena, 'yar nan ɗaya ce, suna ɗaya liman zai raɗa. Wadda ta ceto mini ita, sunanta zan sa. Ku faɗa mini."

Hasiya ba ta taɓa haihuwa ba, ba a kuma taɓa yi mata takwara ba, ta ji tana son abin nan har cikin ranta. Ta ce ba don ita ba, ba wanda zai san ruwa na tafe. Ramatu ta ce sanin da aka ƙi yarda da shi bai fitar da kowa ba. Zulai ta ce su uwa suka fitar, ba don hannunta ba da ta'aziyya za a zo, ba suna ba.

To, Barau na tsugune, liman kuma da safe zai zo. Hasiya, Ramatu ko Zulai, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?